Mutuwar da Muka Ɓoye wa Na Kan Ruwa

Ruwa mafi girma da na taɓa gani da idona shi ne kududdufin bayan garinmu idan damina ta yi albarka. Amma akwai wani jirgin ruwa da na san cikinsa fiye da yadda na san cikin birnin Kano. Na san inda ake karya kumallo, na san benen da yara ke wanka, na san wata tsohuwa mai jan gashi da take fitowa zagaye kowace safiya da sandarta. Duk a waya na san su, ina tsaye a kan turmi a bayan ɗakina, a wani ƙauye da ke gefen Tofa.

Maigidana ne yake aiki a jirgin. Ya tafi a shekarun nan da komai ya tashi ya bar talaka a ƙasa, buhun taki ya gagari manomi, kuɗin mota zuwa birni ya zama abin da sai an yi shawara. A wajenmu ba daji. Gonar wannan tana jingine da ta wancan, kuma tamu ta sha rabon gado har ta koma abin da jaki zai tsallake da gudu. Ko ta yi kyau ba ta kai mu bazara. Shi ya sa ya fara aikin otal a birni, daga nan Legas, daga can wani ya yi masa hanyar jirgin masu yawon shaƙatawa.

Ranar da ya zo sallama, surukina, wanda duk gidan muke ce wa Baba, ya tambaye shi ina jirgin yake kai mutane. Ya ce ba ya kai su ko'ina, zagayawa yake da su a kan teku, su ci, su sha, su yi wasa da 'ya'yansu, sannan ya dawo da su inda ya ɗauke su. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce wato mutum ya biya kuɗin mota don a zaga da shi a sauke shi a tashar da ya hau. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, ina da tsohon ciki a lokacin, ga 'yarmu ta fari tana riƙe da zanina.

Sunan Inna, surukata, aka sa wa yarinyar, don haka ba mai kama sunanta a gidan. Ni kuwa ko ba don haka ba ba zan kama ba, 'yar fari ce. A garinmu uwa ba ta nuna ta san 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarta sai ta sunkuyar da kai. Haka na taso na gani, haka na yi. Shi ma uban da yana gida yana ɗan yin kara, amma ruwa ya wanke masa wannan kunyar. Da ya kira, kafin ya gaishe ni, sai ya ce ina uwata.

Sabis a gidanmu wuri ɗaya yake kamawa, jikin katanga kusa da turken awaki, shi ma sai an ɗaga waya sama. Sai na kifa tsohon turmi na hau. Inna ba ta son hakan, ta ce ba a taka turmi, amma da ta ga fuskar ɗanta sai ta bar zancen. Yakan kira idan ya samu hutu, yawanci bayan la'asar ɗinmu, ko da yake wani lokacin su can rana tsaka ce. Yarinyar takan hau gefen turmin ta rungume ƙafata, ni kuma in yi kamar ban ji ta ba, in sauko da wayar daidai fuskarta.

Aikinsa a benen sama yake, inda kwamin wanka yake. Yana miƙa wa mutane tawul, yana goge ruwa kada yara su zame, yana jera kujeru a rana da safe ya kwashe da yamma. Yakan juya wayar a ɓoye ya nuna mana. Ga uba, ƙato da shi, ya kwanta a ƙasa 'ya'yansa suna hawa cikinsa. Ga wani gida guda, tun daga kaka har jariri, sun yi anko da riguna iri ɗaya. Akwai ranar da ake ɓoye kayan wasa a lungunan jirgi, iyaye da yara su bazu nema. Akwai ranar da ake yi wa yara zane a fuska, wannan ya zama kyanwa, wancan ya zama damisa. Duk ranar da sababbin baƙi suka hau kuwa sai an tara su, kowa da rigar ceto a wuya, a nuna musu inda za su tsaya idan wani abu ya faru. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba wanda yake aikin komai. Mata zaune da miji a gefe, rana ta fito ta faɗi, ba tuƙi ba surfe.

Sau ɗaya ya nuna mana wurin cin abinci. Teburan ba sa ƙarewa, kuma ya ce ba a ɗauke su daga safe har dare. A lokacin mu sau ɗaya muke ɗora tukunya, da rana kuma kwaɗon rama ne ko tafasa. Inna ta kawar da kai ta ce za ta duba awaki, alhali awakin suna gabanta. Bai sake nuna mana abinci ba. Abin da ya koma nunawa shi ne dabbobin tawul. Masu gyaran ɗakuna ne suka koya masa, a naɗe tawul ya zama giwa ko biri ko agwagwa, a ajiye wa yaran baƙi a kan gado. Kowane kira da sabuwar dabba. Yarinyar takan yi ihu, ta sauka ta ɗauko ɗankwalin Inna ta cukuikuye ta ce ita ma ga tata.

Ba zan ɓoye ba, shi ne ya riƙe gidan. Duk wata ana sauke mana hatsi daga kasuwa, kuma a maƙwabtanmu akwai waɗanda suka sayar da gona ga masu yanka filaye daga Rijiyar Zaki don kawai su ci. Mu ba mu sayar ba. Na haihu namiji, aka yi suna yana kallo ta waya, an jingine ta da buta.

Zazzaɓi ne ya kama yarinyar a tsakiyar damina, lokacin da gero bai fitar da kai ba, sauro kuma ya cika gari. Muka ba ta magani daga mai kemis, ya sauka, ya dawo. Wata safiya ina wanke-wanke sai na ji Inna tana salati. Na tarar jikinta ya sandare, idanu sun juye. Babur aka samo, ƙanin Baba ya tuƙa, Inna ta rungume ta a baya, ni aka ce in zauna saboda jariri. Hanya ta ɓaci da ruwa. Ba su kai asibiti ba suka juyo.

Ban yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka cika tsakar gida suna yi wa Inna gaisuwa, ni kuma suna ce min sannu da haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki kamar yadda ake faɗa. Har yabona aka yi. Na tsani wannan yabon har yau. A banɗaki nake kukana, in wanke fuska in fito in ba yaro nono.

Kafin a yi sadakar uku Baba ya kira ni da Inna zaure. Ya ce ba za a gaya wa maigidana ba sai ya dawo, kuma ya riga ya gargaɗi dangi da samarin gari masu waya. Ya ce ba a aika wa matafiyi mutuwa. Shi kansa da ya tafi cin rani yana saurayi mahaifiyarsa ta rasu, ba a faɗa masa ba sai da ya shigo zauren nan ya sha ruwa ya huta. Balle wanda yake kan ruwa, ba uwa ba uba, ba wanda zai riƙe shi idan zuciya ta ɗebe shi.

Na ce, kaina a ƙasa, “Baba, kullum ita yake fara tambaya. Me zan ce masa?”

“Ki ce tana wajen mahaifiyarki. 'Yar fari ce, ba abin mamaki ba ne kaka ta ɗauka.” Sannan ya ce, “'Yar nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.”

Ban ce Baba mugu ba ne. Jikarsa ce, shi ya ɗauke ta a hannunsa zuwa maƙabarta, kuma daga ranar ya rage cin abinci. Amma akwai abin da bai faɗa ba a zauren, kuma dukanmu mun sani. In maigidana ya ji ya ajiye aiki ya taho, ba mai mayar da shi. Rumbunmu a lokacin ba komai a ciki sai ɓera. Da tausayi da yunwa ne suka haɗu suka rufe mana baki, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Kira na farko bayan haka, na hau turmin kamar kullum. Ya ce ina uwata. Na ce tana garinmu, kakarta ta zo ta tafi da ita. Ya ce ai can ba sabis. Na ce babu. Ya yi tsaki kaɗan, ya ce to in ajiye mata, sai ya ɗago wani kada na tawul da ya yi wa idanu da murfin kwalba. Bai ga komai a fuskata ba. Ta yaya zai gani? Tun da aka haife ta bai taɓa ji na yi zancenta da baki buɗe ba. Kunyar da aka koya min ita ta zama mayafin ƙaryar, ta rufe ta ruf.

Daga nan sai ya koma turo hotuna masu motsi, wai in tara mata. Ga yara suna sulalowa daga wani dogon bututu suna faɗawa ruwa. Ga wani mutum cikin kayan wata dabba mai gashi da ake ce wa beyar yana rawa da jarirai. Ga kifaye manya suna tsalle a gefen jirgi, muryarsa a baya yana cewa uwata kin gani. Wayar ƙarama ce, takan cika. Mai caji ya ce sai na goge wasu. Na riƙa zama a bakin gado ina zaɓen wanda zan goge, kamar akwai wanda zai zo ya tambaye ni su.

Aka yanke gero, aka yi girbin dawa, muna nan a kan ƙarya ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma namu mutum uku ne suke ta haƙa shi. In ya matsa sai Inna ta karɓi wayar ta ce ai yarinya ta yi ƙiba a can, ta ƙi dawowa. In ya ce a je a ɗauko ta sai Baba ya ce aikin gona ya yi yawa. Na fara jin haushin jirgin da duk wanda yake cikinsa. Ina kallon matan nan suna shafa wa 'ya'yansu mai a baya, suna sumbatarsu a gaban kowa, sai in ji kamar in jefa wayar cikin turken awaki. Ni ban taɓa sumbatar tawa ba sai tana barci.

Wata rana ya kira yana dariya, ya ce yau an yi abin kallo. Wani yaro ya ɓace wa iyayensa na ɗan lokaci. Nan take aka yi shela a duk jirgin, aka rufe ƙofofi, ma'aikata suka bar abin da suke yi, uwar tana ta kururuwa tana kiran sunansa bene bene. Ashe yana ƙarƙashin tebur yana shan abin sanyi. Ya ce mutanen nan ba su da haƙuri ko kaɗan. Na ce haka ne. Da na sauka daga turmin na daɗe a tsugune a jikin katanga. Hassada nake yi wa matar, ba don an ga ɗanta ba, don an bar ta ta yi ihu.

Sanyi ya shigo, kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, muka fara lissafin dawowarsa. Baba har ya shirya yadda za a yi, wane malami zai zauna da shi a zaure, wa zai fara magana. Sai ga kira ranar wata Juma'a. Ranar wasan iyali ce a jirgin, yaran baƙi sun kama shi sun yi masa zanen kyanwa, baƙin hanci da gashin baki fari har kunne, ga wata hular takarda a kansa. Yana cikin fara'a. Ya ce shugabansu ya yaba da aikinsa, an ba shi dama ya zarce ba tare da ya sauka ba, gobe zai sa hannu. Ya ce yana so in shekara ta zagayo a sa yarinyar a makaranta mai kyau, irin ta bakin birni, mai mota.

“Tunda kowa lafiya,” ya ce, “gara in daure in ƙara.”

Baba yana masallaci. Inna tana bakin murhu, tana jin mu. Na dube ta, ta dube ni, ta ci gaba da tura kara a wuta.

Na ce, “Maigida, kada ka sa hannu don ita. Allah ya yi mata rasuwa.”

Na zaci sabis ne ya ɗauke, don fuskarsa ta tsaya cak. Sai na ga mutane suna wucewa a bayansa da tawul a kafaɗa. Ya yi salati a hankali, ya maimaita. Sannan ya ce yaushe.

“Tun gero bai fitar da kai ba.”

Na ga yana lissafi. Na ga yana komawa baya kira bayan kira, dabba bayan dabba, duk abin da muka ce masa. Hawaye ya gangaro ya bi ta kan farin zanen ya ɓata shi. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Wani ya kira shi da Turanci daga gefe. Ya waiwaya, ya gyara hular takardar, ya ce min yara suna jiransa. Ya kashe.

Baba bai yi min faɗa ba. Daina amsa gaisuwata ya yi da baki, sai da hannu, har aka yi azumi aka yi salla. Inna ce ta shigo ɗakina washegari, ta zauna a bakin gado, ta ɗauki yaron tana jijjigawa. Ta ce da ban faɗa ba ita ma ta kusa. Ban san ko gaskiya ba ne, amma na gode mata.

Abin da Baba yake tsoro bai faru ba. Maigidana bai faɗa ruwa ba, bai ajiye aiki ba. Ya sa hannun. Da wannan ya ƙare ya sake sa wani. Hatsi bai taɓa yankewa ba, har rufin kwano aka yi wa ɗakin Inna. Sau ɗaya ya zo gida a tsakani, ya yi 'yan makonni kamar baƙo, yana zama a zaure yana amsa gaisuwar da ta riga ta tsufa, ya koma. Ba mu yi faɗa ba. Ba mu kuma yi hira ba.

Ya daɗe bai kira ba bayan waccan Juma'ar, kuma da ya dawo kira abin ya canja. Bai sake juya wayar ya nuna mana jirgin ba. Daga wani ɗan lungu yake kira, farin bango a bayansa, ba ka jin komai sai ƙugin inji. In ya ce kowa lafiya na ce lafiya lau, sai ya ce in nuna masa su. A nan sabis ya ɗan inganta, an kafa ƙarfen sabis a bakin titi, ba sai na hau turmi ba. Sai in ɗauki wayar in zaga gidan. Ga Baba a zaure. Ga yaro yana wasa da ƙasa. Ga ƙaninsa ya dawo daga gona. Ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga kowa yana motsi. In wani ba ya nan, ba ya karɓar ya tafi kasuwa ko ya tafi biki, sai dai ya sake kira har ya gan shi. Ni matarsa ce, na haifa masa biyu, amma maganata a wajensa ba ta kai ta mai tallan goro ba. Kuma ba ni da bakin cewa bai kyauta ba.

Kwanan baya ya kira da rana tsaka, ana zafi. Na zaga da shi kamar kullum, na zo ƙofar ɗakin Inna. Ta tsufa sosai yanzu, ƙafa ta hana ta barcin dare, sai da rana take samu. Tana kwance a tabarma ta juya wa ƙofa baya, ta lulluɓa da mayafi. Na rage murya na ce ga ta nan, barci take yi, da ƙyar ta samu.

Ya ƙura mata ido. Ina jin injin jirgin a bayansa.

Ya ce, “Tashe ta.”

Na durƙusa na taɓa kafaɗarta.